Kore da Safe, Rawaya da Rana

Yayana aikinsa gyaran rubutu, kuma tun muna yara haka Allah ya yi shi. In ka aiko masa da saƙo sai ya fara nuna maka inda ka manta waƙafi kafin ya amsa abin da ka tambaya. A ofis Jan Biro suke kiransa, ko da yake rabonsa da riƙe biro an daɗe, komai a kwamfuta yake yi. Shi ya nemo mini aiki a kamfanin, shi ya sa aka ajiye teburina kusa da nasa, don haka ko a wurin aiki ban tsira daga "ke, zauna daidai" ba.

Abin da kamfaninmu ke sayarwa sunansa kwamfaila, amma mu tafinta muke ce mata, don aikinta ke nan. Mutum zai rubuta shiri da yaren da mutane ke iya karantawa, ita kuma ta juya shi zuwa abin da inji ke ji. Yaren yana da ƙa'idoji, kuma duk bayan 'yan shekaru wasu manya sukan zauna su fito da sababbi. To, ba rana ɗaya tafinta ke koyon sababbin ba. Shi ya sa muke da shafi a intanet mai dogon jadawali, kowace ƙa'ida da layinta, a gabanta ɗan akwati. In akwatin ja ne, tafinta ba ta iya ba. In rawaya ne, ana kan hanya, kada ka dogara tukuna. In kore ne, ta iya, ka dogara da ita ka yi barcinka. Wannan shafi shi ne gonar Yaya. Ni kuma mai gwaji ce, kuma dokar gidan ita ce duk gyaran da zai hau shafin sai mutum na biyu ya karanta ya danna amincewa. Yawanci ni ce ta biyun.

Muna da wata al'ada da muke ji da ita kamar mu muka ƙirƙiro wuta. Ranar da injiniya ya gama koya wa tafinta wata ƙa'ida, sai a ɗauko tiren shayi a buga shi da cokali, kowa ya baro teburinsa, a tsaya bayan Yaya ana kallo ya mayar da akwatin kore, a tafa. Nan take shafin ke canzawa a intanet. Abin da babu wanda ya taɓa tsayawa ya tuna shi ne, aikin da aka gama yau a cikin kwamfutocinmu kawai yake. Tafintar da ke hannun masu saye tsohon bugu ce, sabon sai bayan watanni ake fitar da shi. Mu da kullum da ta gida muke aiki, a wurinmu abin da aka gama an gama ke nan. Shekara da shekaru muna buga tire muna yi wa duniya albishir da abin da bai iso ta ba.

Ranar da abin ya faru, da sassafe Oga ya kira mu ofishinsa, ni da Yaya, ya tashi da kansa ya rufe ƙofa. Ya ce jiya wani mai rubuta shiri a wata masana'antar ƙarfe ya bugo waya yana magana kamar zai shigo ta cikin wayar. Injin da ke yanka farantan ƙarfe ya sauko kan hannun wani ma'aikaci. Mai shirin ya rubuta umarni biyu a layi ɗaya, na farko inji ya duba ko akwai hannu a ƙasa, na biyu ya saki wuƙa. Sabuwar ƙa'ida ta ce dole na farko ya riga na biyu. Tsohuwar kuwa ta bar wa tafinta ta fara da wanda ta ga dama. Mutumin ya duba shafinmu, ya ga kore, ya dogara. Tafintar da ke hannunsa ta fara da wuƙa.

Oga ya ce a mayar da akwatin rawaya yanzu-yanzu, ba surutu. Yaya ya tambaya ko za a ƙara ɗan bayani a ƙasa cewa a da kore ne. Oga ya ce shafin ba jarida ba ne, kuma lauyan kamfani ya ce kada a ƙara ko da ɗigo. Yaya bai ja ba. Rawaya dai ita ce gaskiya, kuma gaskiya ce ke gabansa. Ya gyara, na danna amincewa, muka koma aiki. Har wani sanyi na ji a raina, ina ganin mun tare wata ɓarnar.

Bayan an dawo daga cin abincin rana, lokacin da kowa ke fama da nauyin ido, wani mutum ya shigo. Siriri ne, ba zai wuce shekaruna ba, da jakar baya, maɓallan rigarsa a saɓe. Ya gaishe da mai karɓar baƙi cikin ladabi, ya tambaya wa ke rubuta shafin ƙa'idoji. Ita kuwa baiwar Allah ta miƙa hannu ta nuna masa Yaya, har da murmushi.

Bai yi gaisuwa ta biyu ba. Ya cafko wuyan rigar Yaya ta baya ya fizgo shi daga kujera, sannan ya mayar da fuskarsa kan gefen teburi. Na ji ƙarar tabaransa ya fashe. Kafin in miƙe ya ɗaga allon kwamfutar da wayoyinsa da komai ya maka shi da bango, gilashi ya tarwatse har cikin kofin shayina. Ya zuge jaka ya zaro sifana, irin doguwar nan ta masu manyan injina, ya share duk abin da ke kan teburin da ita da bugu ɗaya.

Mazan ofishinmu kuwa, waɗanda in ana musun ƙwallo sai ka rantse za su iya tare mota da ƙirji, kowa ya yi ta kansa. Wani ƙarƙashin teburi, wani bayan na'urar buga takardu, wani ban san ma yana da gudu haka ba. Oga ya murza makullin ofishinsa daga ciki ya tsaya bayan gilashi da waya a kunne. Har yau in na tuna fuskarsa a bayan gilashin nan sai in ji ɗaci a bakina.

Baƙon ya danne wuyan hannun Yaya na dama a kan teburi, ya ɗora masa gwiwa a baya. Jini na zuba daga girar Yaya yana bin gefen hancinsa. Ni ina tsaye, tsakanina da su bai fi taku ba, ina kallo.

Sai ya fara magana, ba da ihu ba, da wata irin murya a shaƙe, kuma ba mu yake gaya wa ba, da ƙeyar Yaya yake magana. Ya ce shi ne ya bugo waya jiya. Ya ce wanda injin ya yanke wa hannu wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe shi tun mutuwar mahaifinsu, da wannan hannun ya yi aikin da ya kai shi makaranta. Kwana da kwanaki bai yi barci ba yana bin shirin layi-layi har ya gano inda gizo ke saƙa. Yau da rana manajan masana'anta ya zo asibiti dubiya, mahaifiyarsu na zaune, matar wansa na zaune. Shi baƙon ya miƙe a gabansu ya ce ba laifinsa ba ne, shafin masu tafinta ne ya ce kore, ga shi nan kowa ya duba. Manajan ya ciro waya ya buɗe shafin, ya juya ta kowa ya gani. Rawaya. Mahaifiyarsa ta tashi ta kwaɗa masa mari a gaban jama'a, ta ce ya yanke hannun da ya ciyar da shi, sannan bai ji kunyar yin ƙarya a kan gadon ɗan'uwansa ba. Ta ce kada ta ƙara ganin fuskarsa. Wansa kuwa ya juya fuska bango.

"Ka mayar da shi kore," ya ce. "Ko na ɗan lokaci ne, in je in nuna wa uwata. Shi ke nan abin da ya kawo ni."

Na ce, "Yaya, ka ba shi, don girman Allah."

Yaya ya tofar da jini a kan kafet. Ya ce, "Ba zan iya ba, ɗan'uwa. Ba injinku kaɗai ke nan ba. In wani ya duba a lokacin fa?"

Sifanar ta sauka kan yatsunsa. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Yaya ya yi wani irin kuka da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, jikinsa ya miƙe ya sake lanƙwashewa. Yatsu biyu suka kalli inda yatsa ba ya kalla. Baƙon ya sake tambaya, yanzu shi ma hawaye ne ke zuba daga idonsa, majina na bin leɓensa. Yaya, mai taurin kan da ya gada daga mahaifinmu, ya girgiza kai. A lokacin na tsani Yaya kusan yadda na tsani mai dukansa. Akwati ne fa, ɗan akwati da bai kai farcen babban yatsa ba.

Da baƙon ya sake ɗaga sifanar sai na zabura. Akwai tukunyar kashe gobara rataye a ginshiƙin da ke bayan kujerata, wadda kullum nake rataya jakata a kai. Ban san lokacin da na ciro ta ba. Na ɗaga ta da hannu biyu na sauke masa a bayan kunne. Ya saki Yaya, ya durƙusa, sifanar ta faɗi ta yi ƙara a kan ƙafar teburi. Ya dafa ƙasa yana ƙoƙarin ɗagowa, ya kalle ni da ido ɗaya kamar mai son tambayar hanya. Hannunsa babu komai, na gani sarai. Na sake ɗagawa na sauke. Wannan karon bai motsa ba, jini ya fara fita ta kunnensa yana shiga kafet.

Sai ga jarumai sun fito. Wanda ya ɓuya bayan na'urar buga takardu shi ya fara kai masa shuri a haƙarƙari, saura suka biyo, maigadi ya iso da kulkinsa yana haki ya ƙara nasa. Yaya ne, yana rungume da hannunsa a ƙirji, ya ja jiki ya kwanta a kan mutumin kafin suka daina. Oga ya buɗe ƙofa ya fito yana ba da umarni. Aka ciccibi baƙon aka sauka da shi, 'yan sanda suka iso suka bi motar da ta ɗauke shi zuwa asibiti.

Na yage gefen mayafina na ɗaure wa Yaya hannu, na ce mu tafi. Ya ce tukuna. Ya zauna a kujerata, tunda tasa kwamfutar ta zama tarkace, ya jawo kibod da hannun hagu ya fara rubutu da yatsa ɗaya. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, ba tabarau, sai ya kai hancinsa kusa da allo. A ƙasan layin nan ya rubuta cewa wannan akwati kore ne tun watannin baya har zuwa safiyar yau, cewa kuskuren kamfanin ne, don aikin bai shiga bugun da ke hannun masu saye ba, kuma duk wanda ya dogara da shi a tsawon lokacin ya yi abin da shafin ya gaya masa ne.

Oga ya karanta ta saman kafaɗarsa. Ya ce in wannan ya hau shafi, mu biyun mu tattara namu ya namu, kuma kada mu yi tsammanin kamfani zai tsaya mini a maganar tukunya. Yaya bai ko waiwaya ba, ya tura mini kibod ɗin.

Na ce ba zan danna ba. Na ce mutumin da ya karya masa hannu, wanda da na bari da ya gama da sauran yatsun, shi za mu wanke mu kuma mu rasa abincinmu? Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba su dace ƙanwa ta faɗa wa wanta ba.

"Ke ce ta biyu," ya ce. "Karanta. In kin sami ƙarya a ciki, ki ƙi."

Na karanta ina neman ƙaryar da duk zuciyata. Abin da na samu kawai haruffa ne da suka tsallake da wata kalma da ya maimaita, aikin hannun hagu. Rana ta farko ke nan a rayuwata da na gyara wa Jan Biro rubutu, kuma ban ji daɗin da na daɗe ina tsammanin zan ji ba. Na gyara, na danna. Na ɗauki jakata da guntayen tabaransa, muka wuce Oga yana ta magana.

A wannan ɓangaren gari asibiti ɗaya ne ke da likitocin ƙashi, don haka kowa can ya nufa. Muna jiran hoto na ga an wuce da baƙon a kan gadon turawa, an naɗe masa kai, ɗan sanda na biye da shi. Na tambayi wata nas, ta ce ƙashin kan ya tsage, bai farfaɗo ba, sai dai addu'a. Aka saka shi a wani ɗaki a hawan ƙasa, ɗan sandan ya jawo kujera ya zauna a ƙofa.

Rana ta yi sanyi kafin aka gama ɗaure wa Yaya hannu da ɗinke masa gira. Na ce mu tafi gida, matarsa ta kira har wayar ta gaji. Ya ce akwai sauran aiki. Ya tambayi nas ɗin ina mutumin da inji ya yanke wa hannu, ta ce hawa na sama, ɗakin ƙarshe, kowa ya san shi. Muka hau, yana jingina da bango a kowane kwana.

Wan baƙon ƙato ne, mai faɗin ƙirji, yana kwance ya juya wa ƙofa baya, hannun dama ya ƙare a wani dunƙulen bandeji kusa da gwiwar hannu. Matarsa na fifita shi da murfin kwano. A kan tabarma kusa da gado wata tsohuwa ce ƙarama, ta miƙe ƙafafu, idanunta sun kumbura. Da ta ga hannun Yaya sai ta matsa ta ba mu wuri, ta yi masa sannu, ta tambaya ko shi ma injin ne. Ba su san komai ba tukuna.

Yaya ya durƙusa a gabanta. Ya ce shi ne mai rubuta shafin da aka nuna musu da rana. Ya ce da safiyar yau kore ne, shi da hannunsa ya mayar da shi rawaya, bai kuma rubuta cewa ya canza ba. Ya ce ɗanta bai yi ƙarya ba. Ya ciro wayarsa ya miƙa wa matar da ke fifita, ta karanta bayanin a fili, a hankali, tana bin layin da yatsa. Tana cikin karantawa mijinta ya juyo. Ya ce ta sake karantawa, ta sake. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan idanunsa, ƙirjinsa na hawa da sauka.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon tafin hannunta na dama. Ta ce ita ba ta san kore ba, ba ta san rawaya ba, abin da mai manyan kaya ya nuna mata shi ta bi. Ta ce tunda ta haife shi ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma ta san haka lokacin da take marinsa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," ta ce da Yaya. Ta fara laluben takalmanta a ƙarƙashin gado. "To ku da kuka san wayoyin nan, ku kira mini shi. Tun rana wayarsa a kashe. Ku ce uwarsa ce, ya zo in roƙe shi gafara."

Yaya ya ɗago ya kalle ni. Ya buɗe baki, na ga zai ɗauke mini wannan ma, yadda ya saba ɗauke mini komai tun ina rarrafe. Na riga shi.

Na ce, "Mama, yana nan asibitin, a ƙasa. Ya zo ofishinmu ya yi faɗa, shi ya karya wa Yayana hannu. Ni na buge shi a ka. Bai tashi ba tukuna."

Ba ta yi ihu ba. Ta kalle ni, ta kalli hannun Yaya, ta kalli jinin da ya bushe a hannun rigata. Na jira mari, da ma ta yi shi da na fi samun sauƙi. Ta yunƙura za ta miƙe, gwiwa ta ƙi, matar ɗanta kuma tana riƙe da mijinta da ke ƙoƙarin saukowa daga gado. Babu wanda ke kusa sai ni.

"Kama ni, 'yata," ta ce. "Ban san hanya ba."

Na kama ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Muka fara sauka, ita tana neman kowace matakala da ƙafa kafin ta taka, tana tambayata ko ya ci wani abu kafin ya zo wurinmu.